Nakiri, santoku ko usuba: wace wuƙar Japan ce ta dace da yankan kayan miya a gida?

Wuƙaƙen Japan guda uku ne ke yawan fitowa gaban duk wanda ya shiga intanet yana neman wuƙar yanka kayan lambu: nakiri, usuba da santoku. Biyun farko in a hoto aka gan su da wuya a bambanta su, dukansu faffaɗa ne, masu kusurwa huɗu, ba su da tsini. Amma da zarar sun shiga hannu sai a gane ba don aiki ɗaya aka ƙera su ba, kuma wadda ta sayi usuba tana zaton nakiri ce mai tsada ta zuba kuɗinta inda ba za su amfane ta ba. Don haka uwargida, bari in fara da hukuncina sannan in kawo dalilai. In a kan katako kike yanka, kuma kina da wata wuƙar ta nama, ki sayi nakiri. In wuƙa ɗaya tak za ki saya wadda za ta yi kusan komai, santoku ce taki. Usuba kuwa ki bar wa masu sana'ar girkin Japan kayansu.

Nakiri ita ce wuƙar ganye ta gidajen Japan tun zamanin da abincin mutanen ƙasar bai wuce shinkafa da kifi da kayan lambu ba. Cin nama bai zama ruwan dare a can ba sai bayan 1872, shekarar da aka sanar cewa Sarki Meiji da kansa ya ci nama. Kafin nan mai gida wuƙa biyu take buƙata, deba mai kauri don fasa kifi, da nakiri don ganye da saiwa. Wannan tarihi ya bar alama a jikin wuƙar, domin ba a yi ta don ta raba hankalinta tsakanin ayyuka ba. Tsawon ruwanta galibi milimita 165 ne, wasu su kai 180, faɗinsa kuma wajen milimita 50. Bakinta a miƙe yake kusan daga farko har ƙarshe, kuma an wasa shi ta gefe biyu kamar kowace wuƙa da muka saba da ita, saboda haka mai dama da bahaguwa duk suna iya riƙe ta.

Miƙewar bakin nan ita ce dukan sirrin. Wuƙa mai lanƙwasasshen ciki, in kika sauke ta a kan lawashi ko tattasai, wani yanki ne kawai na bakinta ke taɓa katako, shi ya sa sau da yawa in kin gama yanka kika ɗaga sai ki tarar yankan yana haɗe ta ƙasa, fatar ba ta rabu ba. Nakiri kuwa in ta sauka, bakinta gaba ɗaya ne ke haɗuwa da katako a lokaci guda. Ana tura ta gaba kaɗan ana saukarwa, a ɗaga, a sake. Kabeji na kwaɗo, karas na soyayyar shinkafa, koren wake, alayyahu da aka naɗe, albasa mai yawa ta miyar taro, duk a nan take nuna kanta. Faɗinta yana hana yatsun hannun da ke riƙe da ita bugun katako, yana kuma ba hannun da ke dafe da kayan wurin jingina gaɓoɓin yatsu, ta yadda baki ba ya kaiwa ga farce. In an gama kuma a kwashe yankan da ita a zuba a tukunya.

Sai siranta. Bayan ruwan nakiri bai cika wuce milimita biyu da wani abu ba, kuma yana ƙara sirancewa sosai kafin ya kai baki. Wuƙa mai kauri tana fasa karas ne kafin ta yanke shi, har ana jin ƙarar, yankan ya fito a tsage. Siririya tana ratsa shi salin-alin. Tumatir cikakke ba ya matsewa ruwansa ya malale a katako, albasa kuma ba ta cika sa hawaye kamar yadda take yi da dakusasshiyar wuƙa ba, domin yanka ta ake yi, ba murƙushe ta ba. Wanda bai taɓa yanka kabeji da irin wannan wuƙa ba zai ɗauka zuzutawa ce, amma bambancin a fili yake tun daga saran farko.

Abin da nakiri ba ta yi kuma yana da yawa, kuma ya kamata a faɗe shi ƙarara. Ba ta da tsini, don haka cire idon dankali, ƙwaƙule kan tumatir, cire 'ya'yan attaruhu, duk sai da wata ƙaramar wuƙa. Ba a sara kashi da ita, ko na kaza ne. Ba a yanka daskararren nama daga firji. Ba a fasa kwakwa, ba a feƙe rake, ba a buɗe gwangwanin tumatir da kusurwarta. Kabewa mai taurin ɓawo da katuwar doya, gara a fara raba su da tsohuwar wuƙar gida, sannan nakiri ta karɓi aikin yankawa ƙanana. Kamanninta da wuƙar mahauta yana yaudarar mutane, amma ba ta da nauyin ko kaurin wancan aiki.

Akwai kuma wata tambaya da ta fi duk waɗannan muhimmanci a gidajenmu, wadda masu tallar wuƙaƙen ba za su yi miki ita ba: a ina kike yanka? Mata da yawa a ƙasar Hausa a hannu suke yanka albasa da kuɓewa da alayyahu, a riƙe a hagu, wuƙa tana tahowa wajen babban yatsa, yankan yana faɗawa cikin kwano. Gwaninta ce ta gaske, kuma mai yin ta tana da sauri. Amma an gina ta ne a kan ƙaramar wuƙa mai matsakaicin kaifi. Nakiri ta yi faɗi da nauyi ga wannan riƙo, kaifinta kuma ba ya tsayawa a fatar yatsa. In haka kike yanka kuma ba ki da niyyar canzawa, kada ki sayi ko ɗaya cikin ukun nan. Abin da ya fi kusa da buƙatarki shi ne ƙaramar wuƙar Japan da suke kira petty, mai tsawon milimita 120 zuwa 150, ita ma da taka-tsantsan. Duk abin da zan faɗa daga nan, ga mai yanka a katako ne.

Santoku ƙanwa ce a wajen nakiri. Ta bazu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da nama ya shigo girkin gidaje sosai, mata suka buƙaci wuƙa ɗaya da za ta yanka ganye da kifi da tsokar nama. Maƙera suka ɗauki faɗin nakiri, suka lanƙwaso bayanta ta gaba ya sauko ya zama tsini, suka ɗan tayar da bakin a ƙarshe. Tsawonta ɗaya da na nakiri, 165 zuwa 180. A yau ita ce wuƙar da aka fi samu a ɗakin girkin gidajen Japan, kuma wannan kaɗai hujja ce mai ƙarfi, domin masu ƙasar da kansu, da suka tashi zaɓar wuƙa ɗaya, ita suka zaɓa.

To me aka rasa in aka ɗauki santoku a maimakon nakiri? Abu biyu. Na farko, ɓangaren bakinta da ke miƙe ya fi gajarta, don haka in kin tara ganye mai yawa a katako, ta wajen tsini za a iya samun wanda bai rabu ba. Na biyu, gabanta ba shi da nauyi. Nakiri tana da ƙarfe har ƙarshenta, nauyin nan yana taimaka mata ta faɗa da kanta, hannu ba ya gajiya da dannawa. Mai yanka kabeji biyar ko albasa kwano guda za ta ji wannan bambanci a wuyan hannunta. Mai yanka albasa biyu da tumatir huɗu ba za ta ji ba. Abin da santoku ke bayarwa a madadin haka shi ne tsini, da damar yanka tsokar kaza ko ta rago ko gunduwar kifi marar ƙashi ba tare da an canza wuƙa ba. A ganina gida mai mutum uku ko huɗu santoku ta wadatar da shi. Gida mai yawa, ko mai yin abincin sayarwa, ko mai haɗa salak da kwaɗo kullum, nakiri za ta biya kuɗinta.

Za ki kuma ci karo da bunka, wadda santoku ce a aiki, sai dai gabanta a yanke yake a karkace, tsininta ya fi kaifi kuma ya fi saurin karyewa. Sai gyuto, wadda Japanawa suka kwaikwayo daga wuƙar masu dafa abinci ta Turai, mai tsawon milimita 210 ko 240. Wuƙa ce mai kyau ga mai babban katako da faffaɗan wuri, amma ba wuƙar ganye ba ce ta musamman.

Yanzu usuba, wadda ta fi su kyan gani kuma ta fi su jawo nadama. Ana wasa ta ne ta gefe ɗaya kawai. Gefen dama yana da doguwar gangara zuwa baki, gefen hagu kuma an ɗan rarake shi ciki. Wannan tsari yana ba ta baki mai sirantar da babu wuƙa mai gefe biyu da za ta kai, kuma da shi ƙwararru ke yin katsuramuki, wato a riƙe daikon, wata doguwar farar saiwa ta can, ana juya ta a bakin wuƙa ana fere ta ta zama doguwar shimfiɗa siririya har ana hango haske ta cikinta, sannan a yanka ta zare-zare a shimfiɗa ƙarƙashin ɗanyen kifi. Almajiran girki a Japan suna daɗewa suna koyon wannan kafin a yarda da hannunsu. Iri biyu ce: ta yankin Kanto, wajen Tokiyo, mai murabba'in kai, da ta yankin Kansai, wajen Osaka da Kiyoto, mai kai kamar na lauje, wadda ake kira kamagata.

Matsalarta a gida ita ce, tun da gefe ɗaya ne ke da gangara, wuƙar ba ta tafiya a miƙe cikin abu mai kauri. In kika ce za ki raba dankali ko albasa biyu, sai ki ji tana jan hannunki gefe, rabi ya fi rabi. Bayanta kuma ya fi na nakiri kauri nesa ba kusa ba, don haka duk da sirantar bakin tana iya fasa karas mai kauri. Bakin yana giɓewa da ƙaramin kuskure. Wasa ta ilimi ne daban, wanda in aka yi ba daidai ba rarakar bayan take lalacewa. Yawancinsu da ƙarfe mai tsatsa ake yin su, mai kyau a cikinsu ta fi nakiri tsada sosai, mai araha kuma sau da yawa a karkace take zuwa. Bahaguwa sai ta nemi wadda aka ƙera don hagu, da ƙarin kuɗi. Ba abin da ake dafawa a miyar taushe ko dafa-duka da ke buƙatar wannan wahala. Mai sha'awar koyon girkin Japan na ƙa'ida, mai lokaci da haƙuri, ita ce kaɗai zan ce ta saya, kuma ita ma bayan ta ƙware da dutsen wasa.

In an gama zaɓar siffa, sai ƙarfe, kuma a nan ne kuɗi ke hawa da sauka. Ana auna taurin ƙarfen wuƙa da ma'aunin Rockwell. Wuƙaƙen Jamus da aka fi sani suna tsakanin 56 da 58, na Japan kuwa galibi daga 60 zuwa 63, wasu su haura. Ƙarfe mai tauri yana ɗaukar siririn baki kuma yana daɗewa bai dakushe ba, amma ba ya lanƙwasawa. Inda bakin wuƙa mai taushi zai ɗan kwanta in ya haɗu da ƙashi ko tsakuwa, na mai tauri ɓarewa yake yi ya bar giɓi. Wannan ciniki ne da ba a kauce masa, kuma shi ne dalilin duk hane-hanen da na lissafa a baya.

Ƙarafan gargajiya biyu ne za ki fi gani a talla, shirogami da aogami, wasu su rubuta farin ƙarfe da shuɗin ƙarfe, daga launin takardar da masana'antar ke yi musu alama da ita. Dukansu daga Yasugi suke a jihar Shimane, daga kamfanin Hitachi Metals da ya koma Proterial a 2023. Shirogami ƙarfe ne da sinadarin kabon kusan zalla, yana wasuwa cikin sauƙi kuma yana yin kaifi na ban mamaki, amma yana saurin dakushewa in aka kwatanta da ɗan'uwansa. Aogami an ƙara masa wasu ƙarafa biyu, tangistin da ɗan kuromiyom, yana riƙe baki fiye da shirogami. Dukansu suna tsatsa, kuma da sauri. Ki yanka tumatir ko lemon tsami ki ajiye wuƙar ki je ki juya miya, kafin ki dawo ta fara canza launi. Launin toka ko shuɗi-shuɗi da ke hawa kanta da amfani ba illa ba ne, kariya ce ma, amma jan tsatsa yana cin ƙarfe. Sabuwar irin wannan wuƙa tana iya ɓata launin albasa ta ba ta ɗan warin ƙarfe har sai wannan launin kariya ya zauna.

A ɗaya ɓangaren akwai marasa tsatsa. Ƙarfe ba ya shiga wannan aji sai kuromiyom ɗinsa ya kai kashi 10.5 cikin ɗari. VG-10, na kamfanin Takefu da ke jihar Fukui, yana da kusan kashi 15 na kuromiyom da kashi ɗaya na kabon, kuma shi ne aka fi samu a wuƙaƙe masu matsakaicin farashi. AUS-8 na kamfanin Aichi ya ɗan fi taushi, ya fi araha, ya fi yafe kuskure, kuma ga wadda ke fara koyon wasa wuƙa ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Ginsan, daga Yasugi shi ma, marar tsatsa ne da ke wasuwa kusan kamar na gargajiya. SG2, wanda wasu ke kira R2, da garin ƙarfe ake haɗa shi, yana daɗewa da kaifi, yana da tsada, kuma yana cin lokaci a kan dutse.

Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana. Ɗakin girkinmu ba na mutum ɗaya ba ne. Yarinya za ta ɗauka ta yanka mangwaro, ƙanwar miji za ta fere doya, mai wanke-wanke za ta jefa ta cikin baho da cokula ta kwana a ruwa. Wuƙar shirogami ba za ta yi sati guda a irin wannan gida da mutuncinta ba, balle da damina. Ki sayi marar tsatsa. In kuma kina da tabbacin hannunki kaɗai ne zai taɓa ta, kuma kina son ɗanɗana kaifin aogami, akwai tsaka-tsaki: maƙeran Japan suna yawan saka ƙarfe mai tauri a tsakiya su rufe shi gefe da gefe da mai taushi, kuma akwai waɗanda rufin nasu marar tsatsa ne, siririn layin baki kaɗai ke buƙatar kulawa. Wannan ita ce hanyar da ta fi hankali ta shiga ƙarfen gargajiya.

Zanen igiyar ruwa da ake kira damaskas, da tabon guduma, da baƙin ƙira da ake bari a saman ruwan, duk ado ne. Suna kan rufin waje, ba su ke yanka ba. Tabon guduma yana iya ɗan rage mannewar dankali a jikin wuƙa, iyakarsa ke nan. In kuɗi ya yi kaɗan, a nan za a fara ragewa.

Mariƙi iri biyu ne. Na gargajiya itace ne marar nauyi, sau da yawa na bishiyar ho, da zobe na ƙahon ɓauna ko roba a wuyansa, ana cusa jelar ƙarfen a ciki. Yana sa nauyin wuƙa ya koma gaba, abin da ya dace da nakiri ƙwarai. Wanda aka sassaƙa mai kusurwa takwas yana yi wa kowane hannu, amma mai tudu a gefe ɗaya an yi shi ne don dama ko hagu, sai a duba. Itacen ba ya son jiƙa, kuma bushewar hunturu irin namu tana iya sa shi tsukewa har zoben ya fito, don haka a riƙa shafa masa ɗan mai. Ɗaya nau'in shi ne irin na Turai, mai ƙusoshi, ya fi nauyi kuma ya fi jure ruwa. Ga gida mai hannuwa da yawa shi ne ya fi kwanciyar hankali.

Sanin garuruwan da ake ƙira yana taimakawa wajen gane gaskiyar mai talla. Sakai, kusa da Osaka, ta yi suna tun ƙarni na 16 da wuƙaƙen yanka taba, kuma har yau ita ce cibiyar wuƙaƙe masu gefe ɗaya na ƙwararru. A can aiki a rabe yake, maƙeri daban, mai wasawa daban, mai saka mariƙi daban. Seki a jihar Gifu tsohon garin maƙeran takubba ne da ya zama cibiyar masana'antu, can ake yin wuƙaƙen Shun da Misono. Tsubame da Sanjo a jihar Niigata su ma garuruwan ƙarfe ne, kuma a Tsubame ake yin wuƙaƙen Tojiro da Global, wadda ta fito a 1985. Echizen a Fukui tana da ƙungiyar ƙananan maƙera a Takefu da ke yin nakiri masu kyau. Gaskiya ne cewa bayan dokar 1876 da ta hana yawo da takobi, wasu maƙeran takubba sun koma ƙira wuƙaƙen girki, amma kada labarin samurai, mayaƙan Japan na dā masu takobi, ya buɗe miki jaka. Intanet cike take da wuƙaƙe masu sunan Japan da ba su taɓa ganin Japan ba, masu zanen damaskas da aka buga da na'ura a kan ƙarfe mai arha. Wuƙar kirki tana zuwa da sunan maƙeri ko kamfani, sunan gari, sunan ƙarfe da lambar taurinsa. Duk tallar da ta cika da hoton wuta da guduma ba ta faɗi waɗannan ba, ki wuce ta. Kuma ga wuƙar farko, ta masana'anta irin Tojiro mai VG-10 a tsakiya ta fi ta hannu tabbas, domin kowace ɗaya daidai take da 'yar'uwarta, ta hannu kuwa sai an dace.

Sai abin da ya fi ɓata mini rai in na ga an yi sakaci da shi, wato wasawa. Kowace wuƙa tana dakushewa, ko nawa aka saye ta. Mai wasa wuƙa da ke yawo da injin juyawa, ko mai injin wuta a kasuwa, aikinsa ya dace da wuƙaƙenmu masu taushi da adduna, amma dutsensa ya yi kaushi ga wannan baki, kuma zafin gogar yana iya kashe taurin ƙarfen a daidai inda ake buƙatarsa. A minti ɗaya za a cinye abin da ya kamata ya yi shekaru. Goga ta a bakin turmi, ko a siminti, ko a jikin wata wuƙar, duk ɓarna ne. Sandar ƙarfe mai tsaga-tsaga da mahautan Turai ke amfani da ita ma tana iya giɓe baki mai tauri. Abin da take so dutsen ruwa ne, wato dutsen wasa da ake jiƙawa da ruwa, mai lamba da ke nuna laushinsa. Mai lamba 1000 shi ne na yau da kullum, kuma shi kaɗai ya isa gida. Mai 3000 zuwa 6000 na ƙara laushi ne ga mai so. King, Naniwa da Shapton sunayen duwatsun wasa ne da aka sani. Ana kwantar da wuƙar a kan dutsen da ya sha ruwa, a ɗaga bayanta kamar digiri 15, a goga har yatsa ya ji ɗan kaushi ya fito ta ɗaya gefen tun daga farkon baki har ƙarshensa, a juya a yi haka, sannan a rage ƙarfi a share kaushin. A nan ma nakiri ta fi santoku sauƙi ga mai koyo, tun da babu lanƙwasar da za a bi, sai dai a kula kada a cinye tsakiya fiye da gefe, domin in baki ya yi rami a tsakiya amfaninta ya tafi. Ki lissafa kuɗin dutse cikin kuɗin wuƙa tun farko. Wuƙa mai matsakaicin farashi da dutse ta fi mai tsada ba dutse, kuma wannan ba abin jayayya ba ne.

Katakon ma haka. Itace mai ɗan taushi ko roba mai kauri su ne daidai, Japanawa suna son itacen hinoki. Tiren silba, farantin tangaran, gilashi, tayil da murfin tukunya suna kashe baki a zama ɗaya. Katakon gora ya fi yadda ake zato tauri. In za ki tattara yankakken kaya a katako, ki juya wuƙar ki ja da bayanta. In an gama a wanke da hannu, a goge ta bushe nan take, a mayar cikin kube ko kwalinta, nesa da yara da kuma kwandon cokula.

Ga wadda ke shakkar ko siffar nakiri za ta karɓe ta, akwai hanyar gwaji mai araha. Wuƙaƙen Kiwi na ƙasar Tailan suna da irin mai faɗi da sirantar ruwa, ƙarfensu mai taushi ne, suna dakushewa da wuri amma suna wasuwa nan da nan, kuma kuɗinsu kaɗan ne. Faffaɗar wuƙar ganye ta mutanen Sin ma aikinta ɗaya da nakiri, sai dai ta fi girma da nauyi. Wata guda da ɗayansu zai nuna miki ko hannunki yana son yanka a miƙe a kan katako, kuma a kanta za ki koyi dutse ba tare da fargabar ɓata abu mai tsada ba.

In wani ne zai sayo miki daga Japan, layin Kappabashi a Tokiyo da Doguyasuji a Osaka kasuwannin kayan girki ne da ke da shagunan wuƙa da yawa. A rubuta masa sunan siffar da tsawon da irin ƙarfen, a jaddada masa cewa mai gefe biyu ake so, domin a shago nakiri da usuba kusa da juna suke ajiye. Kuma a jakar da ake aunawa ake saka ta, ba ta hannu ba. Ranar da ta iso, kafin ki yanka komai, ki miƙa ta ki hango bayanta daga mariƙi zuwa ƙarshe ki tabbata ba ta karkace ba. Sannan ki tsayar da bakinta a kan katako mai santsi, ki duƙa ki duba ta gefe. Ɗan tashi a kusurwar gaba daidai ne, haka ake yin ta don kada ta caki katako. Amma in akwai rata a tsakiyar baki, aibi ne na ƙira, ki mayar da ita tun tana sabuwa, domin masu sayarwa ba su cika karɓar wuƙar da aka riga aka yi aiki da ita ko aka ɗora a dutse ba.